Shanu Biyu Da Rufin Gida: Rabon Dukiya In Aure Ya Mutu

A wannan mako za mu jingine tambayoyin da aka aiko mana, domin mu kawo muku wata magana da ta tsaya mana a rai tun shekarar 2024, wadda kuma muke da hannu a cikinta dumu-dumu. Maganar kuwa ita ce yadda kotuna ke raba dukiya tsakanin miji da mata idan aure ya mutu, da dalilin da ya sa sau da yawa namiji kan tashi da gida da fili da shago, mace kuwa ta tashi da gado da katifa da kwalla.

Muna da wata ƙanwa, 'yar baffanmu, wadda ba za mu ambaci sunanta ko garin da take ba. An ɗaura mata aure a 1997. A farkon daminar 2003, ba mu daɗe da komowa daga karatu a Masar ba, sai ga ta a gidanmu bayan La'asar. Mahaifinta ya rasu, an raba gado, shanu biyu sun faɗo a rabonta. Mijinta kuwa, wanda a sa'an nan ƙaramin ma'aikaci ne, ya sayi fuloti a bayan gari, ya ta da ɗaki uku har gini ya kai linta, kuɗi suka yanke masa, ga hadari yana haɗuwa kullum. Ta gaishe mu, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Yaya Malam, ina so in sayar da shanun nan maigida ya yi rufi da kuɗin, mu huta da haya. Amma ina so ka rubuta mana a takarda ka sa hannu, a san ko rance ne, ko kuwa ina da rabo a gidan."

Mu kuwa a lokacin muna ji da kanmu, ga takardar shaidar karatu sabuwa, ga Larabci a baki. Muka ce mata, "Haba ke kuwa! Tsakanin miji da mata har sai an kai ga takarda? So kike ya ɗauka ba ki yarda da shi ba? Gidan nan ai na 'ya'yanki ne." Muka jawo mata ayoyin ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'aurata, muka ƙara da hadisai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya Malam, yadda ka ce." Aka kai shanu kara, aka sayar da su naira 70,000. Mu da hannunmu muka miƙa wa mijin kuɗin a zaurenmu, ya karɓa ya ce, "Allah Ya ba da ikon biya." Aka sayi kwano da katako da ƙusa, aka yi rufi, suka tare kafin azumi.

Abin kunya a nan shi ne, ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, ba ta kuwa ware miji da mata daga cikin hukuncinta ba. Mun haddace ta tun muna yara. Wannan baiwar Allah da ba ta wuce aji huɗu na Islamiyya ba ta zo tana neman a yi aiki da ita, mu da muka je Masar muka hana.

Shekara ashirin da ɗaya ta yi a wannan gida. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake suyar gyaɗa da gumba da matsar mai ya san ba aikin raggo ba ne. Tana kiwon tumaki a bayan ɗaki, tana zubin adashi. Kwasarta ta fari aka sa aka yi daɓen siminti a tsakar gida. Sauran biyun, da kuɗin raguna na Salla uku, su aka zuba aka fitar da shago biyu ta fuskar hanya, waɗanda daga baya hanyar ta zama titi, hayarsu ta yi daraja. Ta haifi 'ya'ya bakwai, biyar suna raye. A 2024 mijin ya ƙara aure, zama ya ƙi daɗi, magana ta yi tsawo, har igiyar ƙarshe ta tsinke. Ba za mu shiga wane ne mai laifi ba, gama ba mu kwana a gidan ba. Ta kai ƙara kotun shari'a tana neman haƙƙinta a gida da shagunan, aka aiko mana da sammaci mu zo mu ba da shaida.

Alƙalin ya bi da shari'ar kamar yadda aka koya masa, kamar kuma yadda mu ma muke koyar da ɗalibanmu. Kayan ɗaki bai sha wuya ba. Ƙa'idar mazhabar Maliku, wadda take a rubuce cikin Muhtasar na Shaihu Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, ita ce idan ma'aurata suka yi jayayya a kan kayan cikin gida babu shaida, abin da al'ada ta san na mata ne a ba mace tare da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne ko kuwa ya dace da kowa a ba namiji tare da rantsuwarsa. Saboda haka gado da katifa da kwalla da tukwane da 'yan kunne suka zama nata. Da aka zo kan gida, takardar fili da sunan miji take, gida kuma yana hannunsa. Ke nan ita ce mai da'awa, kawo hujja a kanta yake, shi kuwa mai musu ne, rantsuwa kaɗai ke kansa.

Aka kira mu. Alƙali ya ce, "Malam, da kunnenka ka ji an ce rance, ko tarayya, ko kyauta?" Muka ce, "Allah Ya gafarta Malam, mun ji ta nemi a rubuta, mu muka hana. Mun ji shi kuma ya ce Allah Ya ba da ikon biya." Alƙali ya ce wannan lafazi na mai karɓar rance ne. Da yake a wurin Malikiyya ana yin hukunci a sha'anin dukiya da shaida guda tare da rantsuwar mai ƙara, sai aka sa ta yi alwala ta rantse, aka yanke mata naira 70,000. A 2003 dalar Amurka tana wajen naira 130, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Kuɗin da ya sayi kwanon rufin ɗaki uku, a ranar da aka mayar mata da shi da ƙyar ya sayi buhun shinkafa guda.

Maganar shaguna ita ce ta fi ciwo. Mata biyu daga cikin 'yan adashin sun zo sun shaida cewa lalle ta kwashi adashi sau uku. Aka tambaye su ko sun ga ta ba mijin, suka ce ba su gani ba. Ina za su gani? A ɗaki aka bayar, da dare, bayan yara sun yi barci. Aka kira magini, ya ce shi maigida ne ya biya shi, gaskiya kuwa ya faɗa. Rasit na bulo da na siminti duk da sunan maigida. Matar kulle ba ta zuwa gidan bulo, ba ta ciniki da magini, ba ta zuwa ofishin filaye. Kowane kwabo nata dole ya bi ta hannun miji kafin ya zama gini, da zarar ya bi ta nan kuwa sunanta ya goge daga jikinsa. Kullen da muka yi mata don mutuncinta shi ne ya hana ta shaida ranar da take bukata. Mijin ya rantse, shaguna suka zama nasa. Ba mu ce ya yi rantsuwar ƙarya ba, mai yiwuwa ne har cikin zuciyarsa ya ɗauka kyauta aka yi masa, gama mutum yakan manta da lafazin da bai yi masa daɗin tunawa ba. A ƙarshe alƙali ya yi masa nasiha ya ba ta mutu'a, watau kyautar sallama da ake ba matar da aka saka, amma ya ce ba zai tilasta shi ba, tun da mustahabbi ce. Ya aika mata da turmin atamfa ɗaya.

Da labarin ya bazu a cikin dangi, wani ɗan'uwanmu da ya yi karatun lauya ya same mu ya ce, "Malam, ka gani ko? Da a ƙasar Turawa ne da rabi da rabi za a yi." Wannan magana tana yawo a bakin samari, har ta sa muka koma muka bincika, muka tarar ba haka abin yake kai tsaye ba. A Amurka jihohi tara ne kawai ke ɗaukar abin da aka samu cikin aure a matsayin dukiyar haɗin gwiwa tun asali. Sauran jihohin alƙali ne ke rabawa bisa abin da ya ga adalci, yana duban tsawon zaman aure da abin da kowa ya kawo da bukatar kowa, rabon kuwa yakan fito ba daidai ba. A Ingila akwai wata shari'a da ta shahara a shekarar 2000, wadda ake kira White da White, tsakanin wasu manoma da suka yi aure fiye da shekara talatin suna kiwon shanun madara tare. Kotun ƙoli ta wancan lokaci ta ce kada a fifita mai nemo kuɗi a kan mai riƙon gida, kuma a riƙa auna hukunci da ma'aunin daidaito, kada a kauce masa sai da dalili. Duk da haka matar kimanin kashi biyu cikin biyar ta samu, domin mahaifin mijin ya sa kuɗinsa a gonar tun farko. A Kenya ma, cikin Janairu 2023, Kotun Ƙoli ta yanke cewa aure shi kaɗai ba ya ba mutum rabin dukiya, kowa zai ɗauki gwargwadon gudummawar da ya tabbatar. Sai dai dokarsu ta 2013 ta lissafa aikin gida da renon yara da aikin gona a cikin gudummawa, ta kuma bar wa Musulmi damar bin shari'arsu. A nan Nijeriya, dokar 1970 da ta ba babbar kotu ikon daidaita dukiya bayan saki, auren rajista kaɗai ta shafa.

Mu kam ba ma cikin masu kiran a yi rabi da rabi, kuma ba don tsoron a ce mun bi Turawa ba. Musulunci ya raba aljihun miji da na mata tun ranar ɗaurin aure. Sadakinta nata ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuma a wuyan miji suke ko da ta fi shi arziki. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa maza rabo daga abin da suka tsiwurwurta, ta tabbatar wa mata irin wannan. Matan aure a Ingila ba su sami cikakken ikon mallakar dukiyarsu ba sai da dokar 1882. Idan aka ce komai a haɗa a raba biyu, to, hajiyar da ke safarar atamfa a Kantin Kwari ta tara gidaje, mijinta kuwa malamin firamare ne, ita ce za ta fara kuka. Sa'an nan mai mata uku, rabin me za a ba wadda ta fita, kuma daga haƙƙin wa za a cire? Ga kuma gidajen gado da ba a raba ba, inda mutum yake zaune a sashen da 'yan'uwansa goma suke da haƙƙi a ciki. Rabo ya fito ba daidai ba, wannan shi kaɗai ba zalunci ba ne. Matar da ta yi wata takwas ta fita, da wadda ta yi shekara ashirin da bakwai tana zuba guminta, ba mai hankalin da zai ce a yi musu awo ɗaya. Abin da ya dame mu shi ne abin da sikelin alƙali yake iya gani. A shari'ar ƙanwarmu sikelin ya ga takarda, ya ga rasit, ya ga lafazi guda da wani namiji ya ji a zaure. Gyaɗar da aka matsa shekara ashirin da ɗaya bai gan ta ba.

Tambayar da muka yi wa kanmu ita ce, shin shari'a ce ba ta gani, ko kuwa mu ne muka rufe mata ido? Muka ɗauko Muhtasar, muka koma wurin da alƙali ya ɗauko hukuncin kayan ɗaki, muka ci gaba da karatu kaɗan. Nan da nan bayan wannan hukunci Shaihu Halilu ya kawo mas'alar zare. Idan aka yi jayayya a kan zaren da aka kaɗa a gida, na mace ne, sai fa idan ya tabbata cewa abin kaɗin na miji ne, to, a sa'an nan sun zama abokan tarayya, shi da ƙimar kayansa, ita da ƙimar aikinta. Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Malamin Masar na ƙarni na takwas na Hijira bai ce aikin hannunta ya narke cikin dukiyar miji don tana cin tuwonsa ba. Ya yi wa aikin kuɗi, ya mai da ita mai rabo. A babin ciyarwa kuma ya bambanta hidimar cikin gida, irin su kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, wadda take kan matar da ba ta cikin waɗanda ake ɗaukar wa mai aiki, da irin su kaɗi da saƙa, waɗanda neman kuɗi ne, ba su kuwa zama wajibi a kanta ba. Mun karanta wannan wuri a gaban malaminmu, mun karantar da shi ba sau ɗaya ba, amma kullum muna wucewa da shi kamar labarin mutanen da, tun da mata sun daina kaɗi. Ba mu taɓa tsayawa mun ce wa ɗalibai zaren jiya shi ne man gyaɗar yau da keken ɗinki da injin markaɗe ba.

Malaman Magrib, waɗanda mazhabarmu ɗaya da su, sun tsaya. A ƙarni na goma na Hijira, a duwatsun Gumara da ke arewacin Maroko, Ibnu Arduna ya ba da fatawa cewa matan ƙauye da ke girbi da sussuka tare da mazajensu suna da rabo a cikin amfanin, ko da mutuwa aka rabu ko da saki, ban da gadonsu. Ana kiran wannan haƙƙin kaddu da si'aya, watau haƙƙin wahala da fafutuka, malaman ƙasar Sus a kudancin Maroko kuma sun daɗe suna hukunci da shi. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da wani labari na Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, cewa ya ba wata mata mai saƙa rabin dukiyar da suka tara da mijinta mai fatauci, sa'an nan ya ba ta gadonta daga sauran. Amana ta sa mu faɗa cewa isnadin wannan labari ba mai ƙarfi ba ne, kuma malaman birnin Fas da yawa ba su karɓi fatawar ba, suna ganin al'adar wani yanki ce. Amma ba a kan labarin kaɗai ta tsaya ba. Ta tsaya a kan haramcin cin dukiyar mutane da ɓarna, da kuma asalin da muka gani a mas'alar zare. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta bar kowa da aljihunsa, ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya dabam a kan abin da za su tara, ta wajabta wa masu rubuta aure su sanar da su wannan dama, ta kuma ce in babu yarjejeniya alƙali ya dubi aikin kowa da wahalar da ya sha wajen bunƙasa dukiyar gida. A Fabrairu 2022 Shaihun Azhar, Ahmad Ɗayyib, ya yi kira a farfaɗo da wannan fatawa. Can gabas kuma, inda Shafi'iyya suke, kotunan Musulunci na Malesiya suna raba dukiyar da aka tara tare gwargwadon gudummawa, sau da yawa wadda taimakonta na cikin gida ne takan sami sulusi, Indonesiya kuwa a tarin hukunce-hukuncenta na 1991 ta yanke rabi. Ba mu ce a kwaso nasu a juye mana ba. Amma duk waɗannan Musulmi ne masu Salla, ba wanda ya ce sun fita daga shari'a.

Ko mas'alar naira 70,000 ɗin nan tana da mafita a cikin littattafanmu. Mashahurin zance shi ne a biya bashi da irinsa, ko kuɗi ya hau ko ya faɗi. Amma Abu Yusufa, almajirin Abu Hanifa, ya ce a koma ga ƙima idan darajar kuɗin ta canja, Rahuni kuma daga cikin Malikiyya na baya ya ce mashahurin zancen yana aiki ne muddin faɗuwar ba ta yi muni ƙwarai ba. In faɗuwar da ta wuce ninki goma ba muguwa ba ce, to, ba mu san wace ce muguwa ba. Haka nan mutu'a. Gaskiya ne Imamu Maliku ya ɗauke ta mustahabbi, domin ayoyin Baƙara, ta 236 da ta 241, sun rataya ta ga masu kyautatawa da masu taƙawa. Imamu Shafi'i ya ɗauke ta wajibi. Masar ta sa ta a doka a 1985, ba ta gaza ciyarwar shekara biyu ba ga matar da aka saka ba da yardarta ba, ba kuma da laifinta ba. Maroko, ƙasar Malikiyya, alƙali ne ke ƙiyasta ta yana duban tsawon zaman aure da halin miji. Sanannen abu ne a wurin malamai cewa hukuncin shugaba a mas'alar saɓani yana yanke saɓanin. Jihohinmu da suka faɗaɗa aiki da shari'a tun daga 1999 da 2000 suna da majalisu da manyan alƙalai da za su iya zama su duba wannan. Mun ga an kashe ƙarfi a kan abubuwan da ba su kai wannan yawan aukuwa ba, alhali kuwa ba ranar aiki da za ta wuce ba a kashe aure a kotunanmu ba.

Kada a ɗauka muna zargin alƙalin da ya yi shari'ar. Da mu ne a kujerarsa a ran nan, da abin da aka ajiye a gabansa, mai yiwuwa ne hukuncinmu bai bambanta da nasa ba. Abin da za mu roƙi alƙalai shi ne su riƙa tambayar da ba a yi ba. Albashin wannan mutum nawa ne a shekarar da aka fitar da shagunan, zai iya ginin da shi? Watan da ta kwashi adashi, shi ne watan da aka sauke bulo? Malikiyya sun fi kowa aiki da al'ada da alamun da ke kewaye da magana, Ibnu Farhun ya ware musu babi a cikin Tabsira. Idan al'ada ta isa ta ba mace kwalla don an san kwalla ta mata ce, to, al'adar nan ta san cewa matar kulle ta hannun mijinta take gini.

Akwai kuma abin da ke gaba da kotu. Bayan an gama shari'a da mako biyu muka tafi wurin tsohon mijin, muka same shi a ƙofar shagon. Ya yi mana shimfiɗa, ya gaishe mu da ladabi kamar yadda ya saba. Muka ce masa mun zo ne a kan haƙƙin uwar 'ya'yansa. Ya ce, "Malam, ai alƙali ya yanke, kuma na biya abin da aka ce." Muka tuna masa hadisin Ummu Salama da ke cikin Buhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa shi ma yana hukunci ne bisa abin da ya ji, wani kuwa ya fi wani iya tsara hujja, saboda haka wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, gama yankin wuta aka yanka masa. Hukuncin alƙali yana kashe rigima, ba ya halatta haram. Ya yi shiru har muka zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, "Malam, ran nan a zaurenka, da ka ce a rubuta, da na sa hannu." Ba mu sami abin ce masa ba. Daga baya ya yarda hayar shago ɗaya ta riƙa zuwa hannunta, amma ya ƙi a sa a takarda, ya ce taimako ne yake yi saboda yara. Wata huɗu ana kawowa, sa'an nan ta fara tsallake wata. Ita kuwa tana nan a ɗakin da muka ware mata a gidanmu, ta sake kafa kaskon suyarta. Ba ta taɓa tayar mana da maganar 2003 ba ko sau ɗaya, kullum da safe sai ta zo ta durƙusa ta ce, "Yaya Malam, an tashi lafiya?"

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi wa malaman zamaninsa faɗa a cikin Nurul Albabi a kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna ta yi musu wa'azin biyayya. Mun sha karanta wannan wuri a majalisi muna kaɗa kai, muna tunanin da wasu yake.

A daren da muka komo daga wurin mutumin nan muka kasa barci. Muka tuna cewa shekarun da muke Masar, uwargidanmu ɗinki take yi, kuma ɗakin da littattafanmu suke ciki yanzu, da katangar baya, da ƙofar ƙarfe, ba da kuɗin karantarwa aka yi su ba. Takardar gidan kuwa sunanmu kaɗai ke jiki. Da gari ya waye muka ɗauki alƙalami muka rubuta abin da muka iya tunawa, muka ƙiyasta shi rubu'in gidan, muka kira liman da mai unguwa bayan Azahar su shaida. Aka kira ta, ta tsaya daga bayan labule, muka karanta mata. Ta yi dariya ta ce, "Malam, lafiya? Sakina za ka yi, ko mutuwa ka gano?" Muka ce ko ɗaya, haƙƙinta ne muke so ya zauna a rubuce. Ta ce a sake karantawa, aka sake. Ta yi jim, sa'an nan ta ce, "Ka manta rijiya. Sarƙata ta aure aka sayar aka haƙa ta, shekarar da aka haifi Babangida." Liman ya dube mu, muka karɓi takardar muka ƙara rijiya a ƙasa, rubu'i ya koma sulusi, aka sa hannu.